Kafin a Ce Sai Fomatin: Idan Allon Kwamfuta Ya Fara Ƙiftawa



Yau hirarmu a kan kwamfutar tebur ce, da wata cuta da ke addabar masu ita. Kana tsakiyar aiki sai allo ya yi baƙi ƙirin, ka ɗaga kai ka dubi ƙwan fitila ko an ɗauke wuta ne, ka ga wuta tana nan, fankar injin ma tana ta juyawa. Kafin ka miƙe, hoto ya dawo. Wani nasa rubutu ne ke rawa har idonsa ya riƙa ruwa. Wani in ya kunna bidiyo sai hoton ya tsage a tsakiya, rabin sama ya riga rabin ƙasa tafiya. Wani kuma ya kashe kwamfutarsa lafiya lau da dare, da safe ya tarar komai na kan allo ya kumbura ya yi faɗi, kamar an ja shi ta gefe biyu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, akwai ɗan yayata da ke da ɗan shago kusa da wata makaranta. Yana buga wa ɗalibai kundin kammala karatu, yana gyara hoton fasfo, yana cike wa mutane fom ta intanet. Kwamfutarsa ta hannu ce, irin wadda ake kira tokumbo, kuma da ita yake cin abinci. Da bazara ta kankama sai allon ya fara ɗaukewa, musamman daga azahar zuwa la'asar. Ya ɗaura ta a bayan babur ya kai wa mai gyara. Mai gyaran ko murfinta bai buɗe ba, ya ce, "Ai sai an yi mata fomatin." Aka yi. Aikin ɗalibai uku ya tafi, ba a kwafe ko ɗaya ba. Kwana biyu da dawowa gida, allo ya koma halinsa. Ya sake komawa, aka ce to katin hoto ne ya mutu, ya je ya nemo kuɗin sabo. A nan ne ya kira ni, murya a dushe, ya ce, "Kawu, injin nan ya gama yawo, ko dai in sayar da shi in huta?" Na ce, "Ɗana, bar shi inda yake, kada ka ƙara taɓa komai. Gobe da azahar ina nan tafe, daidai lokacin da yake yin abin."

Zan faɗa muku abin da na tarar. Amma bari in fara da abin da ke ci mini rai. Kalmar nan ta fomatin ta zama maganin kowace cuta a shagunan gyara da yawa. Kwamfuta ta yi nauyi, fomatin. Sauti ya ɗauke, fomatin. Allo ya ƙifta, fomatin. Ban ce duk masu gyara haka suke ba, na san waɗanda suka ƙware, masu haƙurin bin abu daki-daki. Sai dai a matsalar allo, goge Windows gaba ɗaya yawanci barin jaki ne ana dukan taiki, kuma mai kwamfuta ne ke kwana a ciki, domin takardunsa da hotunansa ne ke salwanta.

Hoton da kake gani a allo ba a tsaye yake ba. Ko da ba ka taɓa komai ba, ana zana shi ana sake zanawa, daga sama zuwa ƙasa, sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa. Yawancin allunan da ke ofisoshinmu da shagunanmu sau 60 suke yi a daƙiƙa ɗaya. Ma'aunin wannan shi ne ake rubutawa Hz, muna cewa haz, kuma mu ma'abota rediyo ba baƙonmu ba ne. Sunan wani masanin kimiyya ne Bajamushe, Heinrich Hertz, wanda a wajajen 1887 ya tabbatar da cewa akwai igiyoyin da ke tafiya a iska ba tare da waya ba, su ne kuwa ke kawo muku muryata yanzu. Tashar FM tana kaɗawa ne sau miliyoyi a daƙiƙa, shi ya sa ake cewa megahaz. Wutar lantarkinmu ta gida haz 50 ce, ta Amurka 60. Allo mai haz 60 kuwa yana da kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ya kammala hoto ɗaya ya shiga na gaba. Mai haz 144, irin wanda matasa masu wasan gem ke so, kusan kashi 7 kawai gare shi. Ka ga aiki ne na gaggawa wanda ba ya son tuntuɓe. Da zarar an makara, ido zai gani.

Hannu biyar hoton ke bi kafin ya iso idonka. Akwai wutar da ke ciyar da injin. Akwai katin hoto, ko dai wanda aka soke daban a jikin bod, wato babban farantin da ke cikin injin, ko wanda yake haɗe a cikin furosesa. Akwai direba. Akwai wayar da ta taso daga bayan kwamfuta. Sannan shi kansa allon. Kamfanoni uku ne suka mamaye harkar katin hoto, Nvidia da AMD da Intel, dukkansu na Amurka, kuma kowannensu da irin direbansa.

Shi wannan direba, kada sunan ya sa ka tuna mai tuƙa mota. Ya fi kama da tafinta. Windows na da yarenta, katin hoto na da nasa, direba ne manhajar da ke tsaye tsakaninsu tana fassara. In tafinta ya tsufa bai san sababbin kalmomi ba, ko aka kawo wanda ba yaren katin ya iya ba, ko aka tara tafinta biyu suna magana lokaci guda, to saƙo zai isa a karkace. Gaskiya ne direba na yawan yin laifi. Amma ɗaya ne cikin biyar, kuma sauran huɗun fomatin ba ya ko kusantar su.

Saboda haka tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya kawo mini ƙara ita ce, me ya canja? Jiya lafiya, yau ba lafiya, to me ya shiga tsakani? An matsar da tebur an share ɗaki? An sa sabuwar manhaja? Windows ta yi sabuntawa cikin dare? An koma kan janareta? Da wane lokaci abin ke faruwa, da sanyin safiya ko da rana tsaka? Rabin gyara yana cikin amsar nan, kuma ba ta cin ko sisi.

Daga nan sai gwaje-gwaje masu sauƙi da za su raba maka gardama. Kashe kwamfutar ka sake kunnawa, ka zuba ido a kan tambarin kamfani da ke fitowa tun kafin Windows ta tashi. In tun a nan kana ganin layuka ko ɗige-ɗige masu launi, to direba bai ma farka ba tukuna, ka wanke shi, ka nemi laifin a kati ko waya ko allo. Sai ka zare wayar hoto gaba ɗaya, ka danna maɓallin da ke jikin allon ya fito da nasa jerin saituna. In wannan ma yana rawa alhali babu abin da ke haɗe da shi, allon ne ba shi da lafiya. Tsofaffin alluna sukan yi haka idan ƙananan kwandensa na ɓangaren wutarsu suka kumbura, za ka ga da safe sai allon ya yi ta ƙiftawa na mintuna kafin ya tsaya. Mai gyaran talabijin na unguwa yakan canja su da kuɗi kaɗan.

Akwai kuma gwajin da kamfanin Microsoft da kansa ke ba da shawara. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani akwati mai suna Task Manager zai buɗe. In shi ma yana ƙiftawa tare da komai, zargi ya fi ƙarfi a kan direba. In shi yana tsaye cak, sauran allon na rawa, to wata manhaja ce da ka sa take rikici, sai ka tuna wadda ta shigo daga baya-bayan nan ka cire ta. Ni nakan ƙara da wata dabara. Ɗauki hoton allon da maɓallin Print Screen lokacin da abin ke faruwa, ka tura shi wayarka ta hannu. In ɓarnar ta fito a wayar, daga cikin injin take. In hoton ya fito tsaf, galibi a hanya ake ɓata shi, wato waya ko allo.

Bari in daɗe kaɗan a kan waya, don ita ce aka fi rainawa. Wayar nan mai shuɗin kai da kusoshi biyu na murɗawa, VGA, kamfanin IBM ne ya fito da ita tun 1987, kuma har yau ita ce ke riƙe da dubban shaguna da ofisoshi a ƙasar nan. Juyo bakinta ka duba a haske. Allurai 15 ne, layi uku, biyar-biyar. Ukun farko su ke ɗauke da launi, na ɗaya ja, na biyu kore, na uku shuɗi. In allonka ya koma ruwan hoda, koren ne ya yanke. In ya koma ruwan ɗorawa, shuɗin ne ba ya isowa. Na taɓa ganin wata baiwar Allah a ofis ta yi wata guda tana aiki da allo ruwan ɗorawa, an gaya mata wai tsufa ne. Da aka zare wayar, sai ga allura ta uku ta kwanta a jikin 'yar'uwarta, an tura ta da ƙarfi a karkace. Da bakin ƙaramin almakashi aka miƙe ta a hankali, farin takarda ya dawo fari.

Akwai wasu allurai biyu kuma, ta 12 da ta 15, waɗanda aikinsu ya fi ban sha'awa. Ta cikinsu allo ke gabatar da kansa ga kwamfuta, ya ce ni wane ne, ga girmana, ga yawan haz da nake ɗauka. Wasu wayoyin masu araha ba a ma haɗa waɗannan biyun a ciki ba. Sai kwamfuta ta rasa da wa take magana, ta zaɓi ƙaramin girma don kada ta yi ɓarna, komai ya fito a kumbure. Mutum ya yi ta sauke direba yana ƙona data, alhali matsalar tana cikin wayar da ya saya a bakin titi. Araha dai ba ta ado.

Sababbin wayoyi, HDMI da DisplayPort, su ma suna da matakai. HDMI 1.4 na shekarar 2009 yana kai hoton 4K ne a haz 30 kacal. Sai na 2.0 da ya fito a 2013 ya kai shi 60, na 2.1 a 2017 ya kai 120. Shi ya sa wanda ya haɗa tsohuwar kwamfuta da babbar talabijin ta zamani yakan ji linzami yana jan ƙafa, kamar yana tafiya cikin taɓo. Abu uku ne ke yanke hukunci, bakin da ke jikin kati, wayar, da bakin da ke jikin allo, kuma mafi rauninsu shi ake bi. In allonka na da ramin DisplayPort, katinka ma na da shi, gwada shi, domin alluna da yawa masu haz 144 ta nan suke ba da cikakken ƙarfinsu.

Sannan leƙa bayan injin. In ka sa katin hoto daban, ramukansa suna can ƙasa, a kwance. Waɗanda ke sama kusa da ramukan USB na bod ne. Mutane da yawa sukan sayi kati mai tsada, su soke waya a sama, kati na zaune a banza.

To, a ce waya lafiya. Sai a duba saiti. A Windows 10 da 11, shiga Settings, sai System, sai Display, ka gangara inda aka rubuta Advanced display. A nan za ka ga yawan haz da allonka ke gudu a kai. Sau da yawa mutum ya sayi allo mai 144 ko 165, ya shekara yana amfani da shi a 60, don ba wanda ya gaya masa sai ya zaɓa da hannunsa. In ka ga 59 da ɗigo 94 maimakon 60, kada hankalinka ya tashi, ba lalacewa ba ce. Gado ne daga talabijin mai launi ta Amurka, tun 1953 da injiniyoyinsu suka ɗan rage saurin don launi ya samu wurin zama ba tare da ya dami sauti ba.

Kada kuma ka tilasta wa allo abin da ya fi ƙarfinsa. In ka zaɓi adadin da ba ya ɗauka, zai yi duhu ya rubuta Out of Range. In hakan ta faru, ɗauke hannunka, kada ka danna komai, bayan daƙiƙa 15 Windows za ta mayar da shi yadda yake da kanta.

Tsagewar hoto a tsakiya kuwa, wadda na ambata da farko, rashin jituwa ce kawai. Kati ya miƙo sabon hoto alhali allo bai gama zana na baya ba, sai rabi da rabi su haɗu. A cikin saitin gem ko na katin akwai V-Sync, kunna shi. Masu sababbin alluna suna da G-Sync na Nvidia ko FreeSync na AMD, inda allon ne ke jiran kati.

Yanzu mu zo kan shi tafintan. Ga wani sirri da ya kamata kowa ya haddace. In allo ya daskare ko ya yi baƙi, danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da harafin B, duka huɗun tare. Za ka ji ɗan ƙara, allo ya ƙifta sau ɗaya. Ka tashi direban daga suma ke nan ba tare da ka kashe kwamfuta ka rasa aikinka ba.

Ita kanta Windows tana yin irin wannan. Tun daga Windows Vista da ta shiga kasuwa a 2007, an sa mata wani tsari: in katin hoto ya yi daƙiƙa 2 bai amsa kira ba, sai ta sake tayar da direban. Wannan ne baƙin da kake gani na ɗan lokaci, wani sa'in da ɗan saƙo a kusurwa cewa direban allo ya daina amsawa amma ya farfaɗo. In farfaɗowar ta gagara, sai shuɗin allon nan mai ban tsoro ya fito da rubutun VIDEO TDR FAILURE. Ku lura da kyau a nan. Saƙon bai ce direba ne mai laifi ba. Cewa ya yi an kira ba a amsa ba. Mai yiwuwa direban ne, mai yiwuwa kuma katin ne zafi ya galabaitar, ko wuta ce ba ta ishe shi ba.

Don ka ga halin da direba ke ciki, danna dama a kan maɓallin Start ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Display adapters. In ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, to babu direban katinka sam, na wucin gadi ne ke riƙe da wurin, shi ya sa komai ya kumbura kuma bidiyo ke sarƙewa. Wannan shi ne abin da aka fi tararwa bayan an yi fomatin cikin gaggawa. In kuwa sunan katin ya fito daidai, kuma matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, shiga Properties, sai Driver, ka danna Roll Back Driver, ka koma kan na jiya da ke aiki. Windows Update takan sauya wa mutum direba ba tare da ya nema ba, kuma sabo ba kullum ne ya fi dacewa da tsohon inji ba. Ni ra'ayina, kwamfutar da ake neman abinci da ita, in direbanta na aiki lafiya, a ƙyale shi.

In abin ya ƙi, sai a yi wankan tsarki, na direban kaɗai, ba na kwamfutar duka ba. Ka fara sauke direban da ya dace daga shafin kamfanin da ya ƙera katin, ko na wanda ya ƙera kwamfutar in irin ta ofis ce kamar Dell ko HP. Tanadi data, don na Nvidia da AMD sukan haura megabait 500. Sauke wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna DDU. Sai ka cire intanet, don kada Windows ta riga ka sa nata. Riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, in jerin lambobi ya fito ka danna 4, ka shiga Safe Mode. A can ka buɗe DDU ta share tsohon direba da duk tarkacensa, kwamfuta ta tashi, ka sa sabon. Aikin rabin awa ne, kuma ko takarda ɗaya ba za ka rasa ba. Ina roƙonku ku guji manhajojin nan da ke alƙawarin sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya. Gyaran gangar Abzinawa suka fi yi, wasu ma da talla da ƙwayar cuta suke shigowa.

Masu tsofaffin katuna, ku saurara. Kamfanoni sukan daina yi wa kati sabon direba in ya tsufa. Nvidia ta tsayar da na zuriyar da take kira Fermi a 2018, direbansu na ƙarshe shi ne 391.35. Zuriyar Kepler, wadda ta haɗa da yawancin katunan GTX 600 da 700, an daina saka ta cikin sababbin direbobi daga ƙarshen 2021. Katin nan GT 730 da ya cika kasuwanninmu ma iri-iri ne, wani Fermi ne a ciki, wani Kepler, suna ɗaya, direba daban. In ka sauke na baya-bayan nan ya ce bai ga katin da ya dace ba, ba mutuwa katin ya yi ba, tsohon direbansa za ka nema.

To, mu koma shagon ɗan yayata. Na isa ana kiran sallar azahar, rufin kwano ya ɗau zafi, shagon kamar tanda. Injin yana ƙarƙashin tebur, an matse shi da bango, an ɗora masa rim ɗin takarda biyu a kai, daidai kan ramukan iska. Bayan mun idar da salla na ce ya kunna ya buɗe manhajar gyaran hoto. Na buɗe Task Manager, ɓangaren Performance, inda Windows ke nuna zafin katin. Muna kallo yana hawa, digiri 80, 88, ya haura 90, sai allo ya yi ɗif. Muka kashe, muka zare wuta, na kwance kusoshi biyu na zame murfin gefe. Fankar katin, 'yar ƙarama kamar murfin kwalba, ƙurar hunturu ta daskare a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke bayanta, ta zama kamar audugar tsohuwar katifa, ja-ja, har da zare da gashi a naɗe a wuyanta. Na sa yatsa na juya ta, da ƙyar ta motsa. Ya dube ni ya ce, "Kawu, wallahi tun da na saye ta ban taɓa buɗewa ba, tsoro nake ji."

Muka fitar da kwamfutar waje, muka aro bulowa wajen maƙwabcinsa. Na nuna masa yadda zai danne fankar da yatsa yayin hurawa, don kada iska ta juya ta fiye da kima ta lalata ta. Ƙurar da ta tashi sai da masu wucewa suka kauce. Muka tsince zaren da tsinken sakace, muka zare katin muka mayar da shi raminsa har ya yi ƙas, muka ɗora injin a kan benci nesa da bango. Zafi bai sake wuce 70 ba har la'asar. A ƙasarmu, inda bazara ke haura digiri 40 kuma hunturu ke shigo da ƙura ta kowace kafa, injin tebur na bukatar a hure shi aƙalla sau biyu a shekara, bayan hunturu da kuma kafin zafi ya tsananta.

Wuta ma haka. Ramin da ake soke kati a bod wat 75 kawai yake iya bayarwa, katin da ya fi haka ci sai an jawo masa waya daban daga akwatin wuta, mai baki 6 ko 8. Ƙananan kwamfutocin ofis da ake shigowa da su, akwatin wutarsu yawanci bai kai wat 300 ba, ba a yi su don babban kati ba. In aka cusa musu, za su yi lafiya ana rubutu, da an kunna gem ko bidiyo mai nauyi sai su ɗauke. In kuma ka lura allo na ƙiftawa ne duk lokacin da firji ya tashi, ko aka kunna injin fotokwafi, ko janareta ya canja murya, to wannan ba maganar direba ba ce, sitabilaiza ko UPS kake bukata.

Wanda duk zai sayi kati na hannu, ya sa a gwada masa a gabansa da manhajar GPU-Z. Akwai katunan jabu a kasuwa, tsoho ne ake sauya masa suna a ciki ya riƙa amsa sunan sabo, kamar GTS 450 da ake sayarwa da sunan GTX 1050 Ti. Irinsu ba sa karɓar direban gaskiya, sukan fito da alamar gargaɗi da lambar Code 43 a Device Manager, ko su yi ta faɗuwa da an ɗora musu aiki. GPU-Z na gane da yawansu, ta rubuta FAKE a gaban sunan. In kuma an kai matakin da lallai sai an goge Windows, wanda yakan faru jefi-jefi, ka tsaya a kan mai gyara sai ya kwafe maka kayanka a filash ko wani faifai, ka buɗe ka gani da idonka, sannan ya taɓa.

Ɗan yayata bai sayi sabon kati ba, wancan ɗin dai ne ke aiki har yau. Ɗaliban nan uku kuwa, biyu an samu aikinsu a cikin saƙonnin WhatsApp da suka taɓa turo masa. Ta ukun da hannu ta kawo nata a rubuce, shafi 84, sai da ta koma gida ta nemo takardun, ya zauna dare huɗu yana sake bugawa kyauta, ya samu ya miƙa mata ana saura kwana ɗaya a rufe karɓa.